Amsa ga ɗan'uwan da aka ƙara wa kuɗin fili a Minesota

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: wani kamfani ya sayi filin da gidanka na tirela (irin gidan da ake iya ɗauka a ja shi zuwa wani wuri) yake, an ƙara kuɗin haya, kuma manaja ya ce in za ka sayar, sai dai ka janye gidan ko ka sayar musu. Ni ma na zauna a irin wannan gida a jihar nan ta Minesota, a Amurka, har na sayar, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Tushen matsalar shi ne gida naka ne, ƙasa tasu ce. Sun san janye gidan sai an kashe dubban daloli, tsofaffin ma ba sa jure tafiya, suna iya tsagewa a hanya. Shi ya sa suke ƙari ba tare da fargabar kowa zai tashi ba.

Game da ƙarin, dokar Minesota, babi na 327C, ta ce sai sun ba ka sanarwa a rubuce kwana 60 kafin ya fara aiki, kuma ba za su yi ƙari fiye da sau 2 cikin wata 12 ba. Duba ranar da ke jikin takardarka. Amma har lokacin da na sayar, dokar ba ta yanke wani kaso ba, saɓanin jihar New York da ta tsayar da kashi 3 cikin 100 tun 2019, sai da hujja a wuce. Duk ɓacin ranka, kar ka daina biya. Rashin biya shi ne ƙofar da suke jira su kore ka ta kotu. Ka biya ta banki, ka adana rasit.

Maganar sayarwa kuwa, a nan na fi so ka natsu, domin manajan bai faɗa maka gaskiya ba. Doka ta ba ka damar sayar da gidanka yana nan inda yake. Abin da ke hannunsu kawai shi ne tantance mai saye, kuma kwana 14 gare su bayan ya cike takardar neman zama a filin su yanke hukunci ko su rubuta dalilin jinkiri. Kuɗin takardar ba ya wuce dala 25. Ba su da la'ada a cinikinka sai in kai ka ɗauke su dillanci. Lokacin nawa, matar ofis ta ce da baki wai mai sayena bai dace ba. Na miƙa mata biro na ce ta rubuta min dalili ta sa hannu. Kafin mako ya zagayo an amince da shi. Tun daga nan duk maganar da ba a rubuce take ba, ba na lissafa ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ƙarin ke cin darajar gidan. Mai saye hayar wata yake fara tambaya, in ta yi sama sai ya rage tayi. Na ga wata dattijuwa maƙwabciyata ta sallama musu gidanta a wulaƙance don tsoro, bayan fenti suka kafa masa allon sayarwa.

Ka tanadi takardar mallaka, irin ta mota ce, ka biya harajin gidan a ƙaramar hukuma, ka cike fom ɗin bayanin lafiyar gidan da ake bai wa mai saye. In ka riga ka tashi kafin ciniki ya faɗa, hayar fili tana wuyanka.

Kar ka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya sai lauya ya duba. Ofishin Antoni Janar na jihar yana da ɗan littafi kyauta kan wannan doka, akwai kuma ƙungiyar All Parks Alliance for Change da ke tsaya wa mazauna. Ka kira su, ka tafi da maƙwabta ko biyu ne. Allah ya kawo mai saye na gari.