Tambaya da Amsa: Me ake shimfiɗawa ƙarƙashin katakon laminet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mun gama gini a Ƙofar Kaura, nan Katsina, za mu sa katakon laminet a falon ƙasa da ɗakin sama. Mai aikin ya ce a ninka soson ƙarƙashin tsohon kafet ɗinmu don taushi, kuma wai ba sai an sa leda ba tunda garinmu ba danshi. Maigida ya yarda, ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gara da kika tambaya tun ba a buɗe kwali ba, domin shawarwarin nan biyu duk ba na bi ba ne.

Maganar leda ta fi damuna. Laminet garin itace ne da aka matse da ƙarfi, aka yi wa samansa rufi mai tauri. Saman yana jure ɗan ruwa, amma da zarar danshi ya shiga ta ƙasa ko ta baki, sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Daɓen siminti kuwa yana fitar da danshi ko ido bai gani ba, balle sabon daɓe. Mai aikinku da hunturu yake lissafi. Ya kamata ya tuna watan Agusta, lokacin da ƙasa ke shan ruwa har gindin bango ya yi duhu. Don haka a falon ƙasa leda dole ce: mai kaurin milimita 0.2, kowane falle ya hau kan ɗan uwansa da santimita 20, a liƙe da salatif mai faɗi, bakinta ya ɗan hau bango inda sikatin, wato allon da ake zagaye gindin bango da shi, zai rufe.

Kafin nan ki gwada daɓen da kanki. Ki liƙe leda mai faɗin mita 1 a ƙasa, ki bar ta kwana 2 zuwa 3. In kika ɗaga kika ga raɓa, ko wurin ya yi duhu, a dakata da aikin har ya bushe.

Soson kafet kuma taushin nasa ne matsalar. Allunan laminet ba a kafa su da ƙusa ko gam, harshen wannan ne ke shiga bakin wancan. In abin da ke ƙasa yana lotsawa, duk taku sai mahaɗar ta lanƙwasa, wata rana ta karye, ki fara jin ƙara kina ganin tsaga. Abin da ake so shi ne shimfiɗa mai tauri ta milimita 2 zuwa 3, falle ɗaya tak. Ki matsa ta tsakanin yatsu. Wadda ta lafe ba ta taso ba, ki bar wa mai shago kayarsa.

Farin soson nan na nadi shi ne mafi araha, yana yi a ɗakin da ba a yawan shiga, amma a falo yakan mutu da wuri. Akwai mai haɗe da leda ko takarda mai ƙyalli a jikinsa, shi ma sai an liƙe mahaɗarsa. A ɗakin sama, inda damuwar ita ce ƙarar gudun yara a kan na ƙasa, ta roba ko ta ɓawon itacen kok ta fi kashe sauti, in aljihu ya iya. Mai kama da kwali da ake yi da zaren itace ba na so a ƙasa a garin nan, saboda gara. In kuma allunanku sun zo da soso manne a bayansu, leda kaɗai za a ƙara.

Shimfiɗa ba ta gyara daɓen da ya yi tudu da kwari. A ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 2. In ramin ya wuce milimita 3, birkila ya cike shi tukuna.

In a hunturu za a yi aikin, ki tsaya a kan tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin alluna da bango, domin a bushe za a jera su, damina na zuwa za su buɗe. A kwantar da kwalayen cikin ɗakin awa 48 kafin a fara. Akwai takardar kamfani a cikin kwali, Hajiya; ki sa maigida ya karanta ta tare da mai aikin kafin a biya kuɗin shimfiɗar.