Na Sayi Tarakta A Gwanjo, Ashe An Rufe Tsagewar Injinta Da Fenti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da ilimi mai amfani. Dan Allah ina da tambaya kuma abin ya hana ni barci. Ni manomi ne, na gaji da hayar tarakta duk shekara, to bana sai na tattara abin da nake da shi har da kuɗin ƙanwata da ta ba ni mu yi haɗin gwiwa, na je gwanjon tsoffin kayan noma. An bar mu mun duba kayan da safe kafin a fara, wadda na ƙyalla ido a kanta na tarar an riga an tayar da ita tana aiki, ƙara lafiya lau, fenti fes. A takardar da muka sa wa hannu an rubuta cewa duk abin da ka saya yadda ka gan shi haka ka saya, ba a mayarwa. Mu huɗu muka je tare, muka yi shawara kowa ya zaɓi abin da yake so kada mu ƙara wa juna. Aka sallama min na biya har da la'adar mai gwanjo. Kwana tara ina huɗa da ita sai ta fara zafi tana farin hayaƙi, baƙin mai ya koma fari-fari ruwa ya shiga ciki. Makanike ya kankare fentin gefen injin sai ga walda a kan tsagewa, ya ce fentin nan sabo ne. Na kira mai gwanjo ya ce ai ka sa hannu. Wani ɗalibin ilimi kuma ya ce min musulmi suna kan sharaɗinsu, wai Hanafawa ma sun ce irin wannan sharaɗin ya wanke mai sayarwa daga kowane aibi. Na dai ci gaba da lallaɓa ta kwana biyu ina ƙara ruwa saboda lokacin shuka na wucewa. Malam shin gwanjon ma halal ne, kuma ina da hakkin mayarwa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai, yau ɗin nan ka kashe taraktar ka ajiye ta, kada ka ƙara ja mata ko kunya ɗaya, zan gaya maka dalili a ƙasa amma ban so ka kai ƙarshen karatu tana gona.

Gwanjo halal ne a wajen jumhurin malamai, Imam Bukhari ma babi ya ƙulla masa, kuma ba ya shiga hanin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa saboda wancan hanin sai bayan mai kaya ya karkata ga mutum ɗaya ya kusa sallamawa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta tabbatar da haka, ta kuma halatta kuɗin ajiya da ake karɓa kafin shiga matuƙar za a mayar wa wanda bai samu ba, a lissafa wa wanda ya samu a cikin farashi. La'adar mai gwanjo ma ba komai idan an san ta tun farko. Wannan duk ba shi ne matsalarka ba.

Matsalarka tana cikin kalma ɗaya da makanikenka ya faɗa, wato fentin sabo ne. Da a ce ka sayi tsohuwar tarakta ta yi kwana tara giya ta lalace ko famfon haidirolik ya mutu, abin da mai ita ma bai san yana tafe ba, da na ce maka ka yi haƙuri, tsohon ƙarfe ka saya kuma don haka aka rage maka kuɗi, sharaɗin da ka sa wa hannu ya hau kanka. Gaskiya ne a mashhurin mazhabar Malik kamar yadda yake a Risala an taƙaita wannan sharaɗin na kuɓuta daga aibi ga cinikin bayi kawai, amma ni na fi natsuwa da abin da Ibn Taimiyya ya zaɓa cewa sharaɗin yana aiki a kowane kaya a kan abin da mai sayarwa bai sani ba, don in ba haka ba babu mai iya sayar da tsohon inji a duniya, wa ya san abin da ke cikinsa gaba ɗaya? Amma tsagewa ba ta yi wa kanta walda, walda kuma ba ta shafa wa kanta fenti. Akwai hannun da ya yi, kuma mai hannun ya gani da idonsa. Wannan shi malamai ke kira tadlisi, a ɓoye aibi a ƙawata kaya, irin akuyar da ake ƙin tatsa kwana biyu don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, wadda Annabi (SAW) ya ba mai sayenta zaɓin mayarwa. Har tayar da injin da ka tarar an yi tun kafin ku iso ni bai kwanta min ba, duk wanda ya san inji ya san da sanyin safiya yake faɗar gaskiya, in ya ɗau zafi yakan rufa wa kansa asiri. Ban ce da gangan aka yi ba, amma ka ajiye shi a cikin abin da za ka faɗa.

Yanzu maganar ɗalibin nan, Allah ya saka masa, bai yi ƙarya ba. Lallai Hanafawa suna ganin idan mai saye ya yarda da kuɓutar mai sayarwa daga dukkan aibi to ya kuɓuta, ya sani ko bai sani ba. Hujjarsu ita ce wannan yafe hakki ne, kuma mutum na iya yafe abin da bai san adadinsa ba, suna kafa dalili da hadisin Ummu Salama na mutum biyu da suka yi jayayya kan wani tsohon gado da alamunsa suka ɓace, Annabi (SAW) ya ce su raba su nemi gaskiya kowa ya yafe wa ɗan'uwansa. Ra'ayi ne na manyan malamai ba ma raina shi, amma ban ga ya tsaya a nan ba.

Duba hadisin da kansa. Mutanen nan biyu dukkansu a duhu suke, ba wanda ya san inda gaskiya take, shi ya sa yafiya ta yi daidai. Kai kuwa ɗaya ne a duhu, ɗayan fitila na hannunsa ya sa ta a aljihu. Ta yaya za a auna wannan da wancan? Sannan ga hukuncin Sayyidina Usman wanda yake cikin Muwaɗɗa kuma ya fi kusa da mas'alarka fiye da komai. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da irin wannan sharaɗi na kuɓuta, mai saye ya dawo ya ce akwai ciwo a jikinsa da ba ka faɗa min ba, suka je gaban Usman. Ibn Umar ya ce ai da sharaɗin kuɓuta na sayar. Usman bai ce to shikenan ka sa hannu tafi ba, cewa ya yi Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, daga baya ya warke a hannunsa ya sayar da shi 1500. To in da sharaɗin yana wanke sani da rashin sani duka, rantsuwar ta mece ce? Usman ya rataya hukuncin ne a kan sanin mai sayarwa, a Madina, sahabbai na nan, kuma a kan mutum irin Ibn Umar da ba wanda ke zargin amanarsa.

Shi kuma hadisin musulmi suna kan sharuɗɗansu, a cikin ruwayar akwai ƙarashe, sai dai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ɓoye aibin da ka sani haram ne ba saɓani, su Hanafawan ma ba su ce algus ya zama halal ba, magana suke kan abin da alƙali zai zartar, zunubin yana nan a wuyan mai shi. Ka ga kenan ko a ra'ayin da aka kawo maka, mutumin da ya shafa fentin bai tsira a wajen Allah ba. Kuma ka duba lafazin takardar, yadda ka gan shi haka ka saya. Me ka gani? Ka ga abin da aka shirya maka ka gani. Yardarka ta faɗa ne a kan inji mai lafiyayyen gefe, ba a kan mai tsagewa ba, kuma da an rubuta a jikinta akwai walda a inji da ba kai kaɗai ba duk masu tayi sai sun ja baya. Idan muka ce layi ɗaya a takarda yana share wannan, mun ba kowane maha'inci mabuɗi kenan, ya yi walda ya yi fenti ya buga takarda. Sharia ba ta zo ta zama haka ba.

Don haka asalin hukuncinka kana da zaɓi, ka mayar ka karɓi kuɗinka. Kwana taran da ka yi aiki da ita kafin ka sani ba za ka biya hayarsu ba, saboda da ta ƙone a lokacin asararka ce, amfanin ma naka ne.

Sai dai ɗan'uwa kwana biyun nan na ƙarshe su suka tsaya min a rai. Malamanmu na Malikiyya suna da tsauri a nan, wanda ya ga aibi sannan ya ci gaba da amfani da kayan irin amfanin da ke rage shi, kamar hawan dabba ko sa tufa, suna ɗaukar hakan yarda ce, zaɓinsa ya faɗi. Sun ware matafiyin da dole ta sa ya ci gaba da hawa don ba shi da wata. Huɗa da inji mai haɗa ruwa da mai ba ragewa kawai take ba, kashe shi take, ko makanikenka zai faɗa maka. Abin da ya taimake ka shi ne ka kira mai gwanjo tun farko ka nuna ba ka yarda ba, kuma lokacin shuka ba ya jira, to in da gaske ba ka da hanyar samun wata ko ta haya, ina ganin uzurinka ya yi kama da na matafiyin nan. In kuwa akwai ta haya kawai ƙyashin kuɗin ka ji, to kai ka san zuciyarka, mayarwa ta yi rauni, abin da ya rage maka shi ne bambancin kuɗi tsakanin lafiyayya da mai tsagewa kamar yadda wata ruwaya daga Imam Ahmad ta bayar, masana inji biyu masu amana su ƙiyasta. Kuma duk ɓarnar da kwana biyun suka ƙara ka faɗe ta da bakinka, kada ka je neman hakki a kan ɓoye aibi kai ma kana ɓoye naka.

Wa za ka bi? Mai gwanjo wakili ne. In ya san da waldar to abokin laifi ne, in bai sani ba wajibinsa ya haɗa ka da mai kayan, ba ya tsaya bayan takarda ba. Mai kayan kuma yana iya cewa shi ma haka ya saye ta, kuma yana iya zama gaskiya, shi ya sa ban yarda ka fara kiransa ɓarawo a gaban mutane ba. Ka ɗau hoton wajen kafin a ƙara taɓa shi, makanike ya rubuta abin da ya gani, ka samu na biyu wanda ba abokinka ba shi ma ya duba. In ya musa kuma hujjarka ba ta kai ba, rantsuwa ce a kansa kamar yadda Usman ya yi. Ka fara da sulhu ta hannun mutanen da yake jin nauyinsu, in ta ƙi sai hukuma, kuma ka sani dokar wurin da aka yi gwanjon tana iya sa wa'adi na kai ƙara, kada ka zauna.

Akwai abin da ka faɗa a wuce kamar ba komai ba, ku huɗu kun yi shawara kada ku ƙara wa juna. Ba ka tambaye ni ba amma sai na faɗa. Kowa ya san najashi, mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya tunzura wani, haramun ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne masu saye ma suna iya cutar mai kaya ta ɗaya gefen. A Mukhtasar na Khalil an halatta ka roƙi wasu daga masu tayi su janye maka, amma ba duka ba, masu sharhi suka ƙara da cewa wanda in ya janye kowa zai bi shi, kamar shugaban kasuwa, hukuncinsa hukuncin duka ne. To ku huɗun nan a cikin mutum nawa? In taro ne babba wasu na ta ƙarawa, ba ku yi laifi ba. In kuwa ku ne kusan duk masu neman tarakta a wajen har ta faɗo maka ƙasa da ƙimarta saboda shirunku, to kun tauye mai kaya, sai istigfari, kuma in an zo ƙiyasta bambancin kuɗi ka sa wannan a lissafi. Ha'incinsa bai wanke naku ba, naku ma bai wanke nasa ba.

Sannan ƙanwarka. Ban ji ka ce ka gaya mata ba, kuma na san irin shirun nan, mutum na jira sai ya gyara sannan ya faɗa. Ka gaya mata yau. Abokiyar tarayya ce ba mai ba ka kyauta ba, asarar da ta zo ba tare da sakacinka ba kowa zai ɗauka gwargwadon kuɗinsa, amma abin da kwana biyun nan suka jawo bayan ka sani naka ne kai kaɗai, kuma ba ka da ikon yafe wa mai kayan kasonta ko ka karɓi sulhun da bai kai ba sai da izininta.

In Allah ya sa za ka sake shiga gwanjo, ka biya makanike ya bi ka, kuɗin yininsa bai kai komai ba a kan abin da kake ciki yanzu. Ka sa hannu a jikin inji ka ji ko da ɗumi, ka zaro sandar gwada mai ka ga launinsa, ka buɗe lagireto in ya huce, mitar awa kuma ka gwada ta da yadda abin taka kuloci ya cinye don mita ana juya ta. Lambar jikin inji ta dace da ta takarda, saboda kayan sata ko na jingina in mai shi ya zo karɓa zai yi. Duk inda ka ga fenti ya fi na kusa da shi ƙyalli, tambayi mai gwanjo a gaban shaidu me ke ƙarƙashinsa.

Wallahu a'alam.