A gwada hayaƙin kafin ka biya

Tambayarka ita ce ko ka sayi motar hannun tukuna, sannan ka kai ta gwajin hayaƙi. A'a, a fara gwadawa, kuɗinka na aljihu. In mai ita ya ƙi, haƙura da motar.

Kuma kada ka saki jiki don fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba. Ni haka aka yi mini: ashe kan batir aka cire, matsalolin da kwamfutar motar ta ajiye suka goge. Bayan 'yan kwanaki fitila ta dawo, matatar hayaƙin jikin salansa ce ta mutu, ga tsada. Sa bakanike ya jona na'urar OBD, wadda ke karanta bayanan kwamfutar mota. In ta nuna gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa motar da kanta ba su kammala ba, mai yiwuwa kwanan nan aka goge matsalolin.