Tambaya da Amsa: Sodar lab da ta ƙi zama wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Zariya, ina shirya ɗalibaina firaktikal na WAEC. Na auna giram 4 na NaOH, wato soda, na narkar a lita ɗaya kamar yadda aka saba, amma ranar Litinin taitireshan (gwajin auna yawan asid ɗin da zai kashe sodar) ya ba mu mil 23.5, ranar Alhamis kuma 21.8, ruwa ɗaya asid ɗaya, har yara sun fara yi mini kallon ban iya ba. Sodar a kasuwa na saya wajen masu kayan haɗa sabulu saboda ta lab ta yi tsada. Ko dai biyuret ɗin, wato bututun gilashin da ake ɗigo asid da shi, shi ne ya lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki bar biyuret ya huta, da wuya laifin ya zama nasa. Lissafinki daidai ne, NaOH giram 40 ne a mol ɗaya, giram 4 a lita kenan 0.1M, wato mol 0.1 a lita, to amma wannan a takarda ne kawai. Soda mayya ce wajen shan ruwa, ki zuba ƙwayoyinta a kan gilashi ki tsaya minti biyu kina kallo, za ki ga sun fara sheƙi suna zufa kamar an yayyafa musu ruwa, kuma sikeli ba ruwansa, har wannan ruwan zai auna miki a matsayin soda. Da damina abin ya fi muni. Sannan tana zuƙar iskar CO2 ta koma sodiyom kabonet, wannan farin ɓawon da kike gani a bakin kwalba shi ne. Idan kin bar ruwan a buɗe daga Litinin zuwa Alhamis, musamman in finoftalin ce indiketarki, wato sinadarin da ke canza launi ya nuna ƙarshen gwaji, dole lamba ta sauka, don kabonet ɗin rabin asid kawai yake ci kafin launin hoda ya ɓace. Da indiketar metil orenj matsalar kabonet ba ta cika fitowa ba sosai, shi ya sa wasu malamai suke rantsuwa sodarsu lafiya lau take alhali indiketa ce ta rufa musu asiri.

Batun sodar kasuwa kuwa, gaskiya ban ga laifinki ba, kowa ya san yadda kuɗin kayan lab suka koma. Ita wannan ta masana'antu ce, ta isa ta dafa manja ya zama sabulu, amma akwai gishiri da kabonet a ciki kuma ba wanda ya rubuta miki ko nawa ne. Wadda aka rubuta AR a jikin kwalbarta ita ce ta aikin awo, za ki ga an jera kason tsabtarta da na ƙazantar da ke ciki. Sai dai ko AR ɗin kika saya ba a yarda da nauyin soda, ko a manyan lab sai an gwada ƙarfinta da wani sinadari da ba ya canzawa. Wanda aka fi amfani da shi KHP ne, wani gishiri mai asid, nauyinsa giram 204.22 a mol ɗaya, a busar da shi a oben a digiri 110 wajen awa biyu, giram 0.51 nasa zai cinye kusan mil 25 na soda 0.1M. In babu shi ki nemi ogzalik asid mai ruwa biyu, wato wanda aka rubuta 2H2O a ƙarshen fomularsa, giram 6.3 a lita ɗaya zai ba ki 0.05M, shi kuma mil ɗaya nasa daidai yake da mil ɗaya na soda 0.1M. Abin da gwajin ya nuna shi za ki rubuta a jikin jarkar tare da kwanan wata, ko da 0.092 ne, da shi yara za su yi lissafi.

Wane ruwa kika haɗa da shi ma? Don na sha ganin ana fasa fiya wata a zuba a filas, wai ai mai tsabta ne. Tsabtar sha daban, ta lab daban. Ki ɗiga silba naitiret a cikinsa, in ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono to akwai kuloraid. Ruwan distil za ki nema, ki tafasa shi ya huce a rufe don CO2 ta fita. Kuma a jarkar roba mai murfi ake ajiye soda, tana cin gilashi a hankali, in kwalbar mai murfin gilashi ce wata rana sai ya like ya ƙi buɗuwa sai dai a fasa.

Yaran ma ki sa musu ido. A ɗauraye biyuret da fifet (bututun ɗiban ruwa a awo) da ruwan da za a zuba a ciki, a kori kumfar da ke maƙalewa a ƙasan famfon biyuret, a karanta daga ƙasan lanƙwasar ruwan ido daidai da layi. Ɗigon ƙarshe da ke zama a bakin fifet ba a hura shi, da shi aka yi awon. Don Allah kada wani yaro ya zuƙi soda da baki, robar zuƙa ba ta da tsada, kuma in ta fantsama a ido a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15 a wuce asibiti, soda ta fi asid ɓarna a ido.

Tambaya: Malam, mitar pH ɗinmu ta wajen gwajin ruwa tana jinkiri, lamba sai ta yi ta yawo kafin ta tsaya. Kullum a ruwan distil nake tsoma bakinta in mun tashi. Daga wani ma'aikaci a Maraɗi.

Amsa: Ai nan ɗin ne ka kashe ta Malam. Ruwan distil yana janye gishirin da ke cikin ilaktirod ɗin, wato bakin mitar da kake tsomawa, a ruwan KCl (potasiyom kuloraid) mai ƙarfin 3M ake ajiye ta, in ya ƙare ka lallaɓa da bafa ta 4, wato ruwan saita mita mai pH 4, kafin ka samo. Jiƙa ta a KCl ta kwana, da safe ka saita ta da bafa 7 sannan 4, ko 10 in ruwan da kake gwadawa mai kanwa-kanwa ne, kuma bafar da ka tsoma a ciki kar ka mayar kwalba. Ɗan ƙwallon gilashin nan na baki kar ka goge shi da ƙarfi, ɗan dangwala tishu kawai. In ka yi duk wannan bafa 4 ta ci gaba da nuna maka 5 da wani abu, to ilaktirod ɗin ya tsufa, shi kaɗai za ka canza ba mitar gaba ɗaya ba.