Me ya sa gam ɗin epoksi ya ƙi bushewa bayan na ƙara ruwan ƙarfafawa?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi gam mai kwalba biyu a kasuwar Katako ta Yamai, ka ƙara na biyun don ya yi saurin kamawa, sai ya zauna da danƙo. Ƙarin ne ya ɓata maka aiki.

Abin da ke cikin kwalba ta biyu, galibi sinadarin amin ne, kuma ba mai zuga haɗin ba ne kawai, shi ma jikin busasshen gam ɗin yake zama. Kowane ƙwayar epoksi na da ɗan zobe mai kabon biyu da oksijin ɗaya. Amin yana buɗe zoben ya liƙe da shi, har su sarƙe su zama abu mai tauri. In amin ya yi yawa, ragowar ba ta samun zoben da za ta kama, shi ne danƙon nan. Saboda haka ka bi ma'aunin da aka rubuta, in 1 da 1 ne ko 2 da 1.

Masu zuga na ainihi, irin su imidazol, kaɗan ake sakawa, kuma masana'anta ce ke yi. Wataƙila ka saba da rezin poliyesta, wanda ake ɗiga wa MEKP, ruwan da ke sa shi kamawa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Wannan kam ƙari na hanzarta shi.

In sauri kake so, zafin Yamai ya ishe ka: ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin kamawa. A watan Afrilu ma matsalar juyawa take yi, saurin kamawar ne ke yin yawa. Kwaɓa kaɗan-kaɗan a faffadan abu, don in ka tara shi a gwangwani yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. Wanda ya lalace kuwa, kankare shi ka sake.