Na sha Ampiclox har sau uku, kumburin haƙori bai tafi ba

Tambaya: Likita, matauni na na ƙasa ya yi kogo. Duk lokacin da dasashin ya kumbura sai in sayi Ampiclox a kemis, in sha kwana biyu, ya lafa. Wannan karon ina ta sha amma kumburin ƙaruwa yake yi. Ko maganin jabu ne? (Wani mai karatu daga Talata Mafara)

Amsa: Malam, da wuya laifin na kafson ne. Idan kogo ya kai ga jijiyar haƙori, jijiyar mutuwa take yi, jini ya daina shiga wurin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ta jini yake bi, saboda haka ba ya isa cikin mataccen haƙori. Iyakarsa ya rage ƙwayoyin da suka fantsamo cikin dasashi, tushen ciwon yana nan.

A kumburin haƙori ba ƙwaya iri ɗaya ake samu ba. Akwai Streptococcus, akwai waɗanda ba sa son iska kamar Prevotella da Fusobacterium. Wasu daga cikin Prevotella suna fitar da wani sinadari, beta-laktamas, wanda ke farfasa amoksisilin da ampisilin (wanda ke cikin Ampiclox) kafin su yi aiki. Duk sanda ka sha magani na kwana biyu ka ajiye, masu rauni ne suka mutu, masu wannan sinadarin suka samu fili suka hayayyafa. Sau uku ka yi musu wannan tankaɗe, mai yiwuwa yanzu sun ƙaru a bakinka.

Abin yi shi ne a buɗe wurin. Likitan haƙori zai tsaga kumburin mugunya ta fita, sannan ko ya wanke jijiyar ya cike, ko ya cire haƙorin. Sau da yawa da an yi haka ba a ma buƙatar kafso. Sai in akwai zazzaɓi ko kumburin ya bazu ne likita zai rubuta amoksisilin 500mg sau uku a rana, yawanci kwana 5, wani lokaci ya haɗa da metronidazol 400mg, wato Flagyl. Shi zai zaɓa, kuma ka faɗa masa duk abin da ka sha a baya, da ko fenisilin, wato dangin amoksisilin da Ampiclox, yana sa maka ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Kafin ka je, farasitamol da ibufurofen sun fi kafso kashe zafi, amma mai olsa ya bar ibufurofen. Ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Don Allah kada ka ɗora asfirin ko ruwan batir a kogon, ƙona dasashi kawai suke yi.

Tunda naka ƙaruwa yake yi, kada ka wuce gobe. In kuwa ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya nufi ido, ko bakinka ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu tana maka wuya, ka kama hanyar asibitin tarayya na Gusau ko da dare ne, domin kumburin matauni na ƙasa yana iya toshe maƙogwaro.