Amsa kan wando mai tattara a gaba

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko wando mai tattara a gaba, irin wanda mahaifinka ya bar maka, ya tsufa da sakawa zuwa ofis a Victoria Island da ke Legas. A ganina bai tsufa ba ko kaɗan.

Wannan ɗinki ya yi tashe sosai a shekarun 1980 da 1990, lokacin da kwat masu faɗi irin na Giorgio Armani suka cika kasuwa, sannan daga farkon shekarun 2000 tsukakken wando, wanda muke kira fensir, ya ture shi gefe. Yanzu kuma masu ɗinki sun dawo da shi, kuma ko a kasuwar Katangowa za ka tarar da matasa suna tona gwanjo suna nemansa.

Amfaninsa a wurinmu ya wuce ado. Tattarar tana buɗewa idan mutum ya zauna, don haka cinya ba ta matsewa, kuma wanda ya taɓa yin sujada da zaman tahiya cikin fensir, ko ya shafe awa biyu a cunkoson gadar Third Mainland cikin zufar Legas, ya san darajar wannan sakewa.

Shawarata ita ce ka kai shi wurin tela a Agege ko Obalende ya rage tsawon ƙafar yadda za ta taɓa takalmi kawai. Ka ɗaura shi a ƙugu sosai, kusa da cibiya, domin idan ya sauka ƙasa tattarar takan bubbuɗe ta yi kumburi. A goge shi karin ya fito tun daga tattarar har ƙasa.